Garin Alli a Zaurenka

Zuwa ga maigidana, Malam, Allah ya jiƙanka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ni ce uwar su Sani, daga gidanka na Yako. Damina uku ke nan da ka kwanta dama. Na san ba mai kai maka takardar nan, amma ba ni da wanda zan faɗa wa. Rubutun ma ka yi haƙuri da shi, a ajin manya na koya.

Malam, zaurenka ne ya hana ni sakat. Bayan ka tafi yaran da ka bari suka yi ta raguwa, wasu aka kwashe su elemantare a Kiru, wasu iyayensu suka janye. Da Sani ya gama karatu a birni ya dawo, bakwai ya tarar. Ya zo da wani ƙaton baƙin allo ya kafa a bango, da alli. Ya ce yaro ya karanta aya ya kuma san me take faɗa da Hausa, ya iya lissafi, ya iya karanta takarda in an aiko gidansu. Yara kuwa suka dawo, har da mata.

Sai yayanka Malam Habu ya leƙo ran wata Laraba, ya tarar Sani na goge Fatiha da tsumma, garin alli na zuba ƙasa, yara na takawa. Ya tara dattawa, suka ce ko a cire allon ko a rufe zauren. Sani ya ce ranar da aka cire shi, ranar zai ɗaure kayansa ya koma birni. Ka san taurin kansa, ba a ƙasa ya tsinta ba.

Na rasa wa zan ba rashin gaskiya. Ina tuna yadda kake wanke allo a ƙwarya, ko ɗigo ba ka yarda ya faɗi, kana cewa maganar Allah ba ta taɓa ƙasa kana da rai. Ina kuma tuna ranar da aka kawo maka takardar boko daga gidan hakimi, ka juya ta, ka juya, sai da ka taka har Kiru aka karanta maka. Ka dawo ko tuwo ba ka ci ba.

Shi ne na ce su bar mini. Yanzu duk sanda za a goge aya, ni ake kira. In shiga da ƙwarya da jiƙaƙƙen ƙyalle, in wanke allon, in matse, in kai gindin magaryar nan inda ba a takawa in zuba. Sau huɗu, sau biyar a yini, ga daka ga girki. Sani na ƙunƙuni wai sai ya tsaya jiran allo ya bushe. Malam Habu ya ce ya ɗaga ƙafa zuwa kaka ya gani. Cikinsu ba wanda ya ce mini sannu.

Na gaji, Malam. Kafaɗata da kyar take ɗaguwa da safe, ban kuwa faɗa wa kowa ba, don in suka ji za su ce in bari. Ɗa ɗaya ya rage mini a gidan nan. Muddin hannun nan na kaiwa saman allo, yana nan tare da ni, zaurenka kuma a buɗe. Ranar da ya ƙi kaiwa, ban san yadda zan yi ba.

Allah ya kai haske kabarinka, ya daidaita tsakanin ɗanka da yayanka tun ina da sauran ƙarfi. Amin.

Taka har kullum,
Uwar su Sani