Keken Mahaifinka Da Ka Rataye A Bango

Zuwa ga ɗana Bashiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, da fatan aiki yana tafiya yadda ake so. Mu nan Anka muna godiyar Allah.

Ka san dalilin wannan takarda. Ka sa hotuna uku a shafinka na intanet, ka ce abokanka su taya ka zaɓe, sannan ka rubuta a ƙasa wai a nuna wa Inna ita ma ta faɗi nata. Yayarka Kulu ce ta kira ni daga Gummi ta ce in duba. Na duba. Na kira wayarka tun shekaranjiya, kullum kana mitin. To, tunda a gaban jama'a ka yi tambaya, a gaban jama'a zan ba ka amsa. Abokanka masu ba ka shawara su ma su karanta, ba zai cuce su ba.

Hotunan na ƙarfen rataye keke ne. Na farko ana kafa shi a bango, yana da ƙugiya, a saƙala tayar gaba keke ya miƙe tsaye. Na biyu yana tsayawa a ƙasa da ƙafafunsa, shi ma a miƙe yake riƙe keken. Na uku a bayan mota ake ɗaura shi, don tafiya. Ka ce wanda Sani mai walda ya ƙera maka a garejin gidan nan bai yi kyau ba, yana kankare fenti, shi ya sa za ka sayo na kanti. Ka kuma ce kana so ka ɗauko keken mahaifinka zuwa Abuja a wanke shi, a sake masa fenti.

Na karanta abin da abokanka suka rubuta ɗaya bayan ɗaya, har idona ya yi ruwa. Wani ya ce ka duba nauyin da ƙarfen zai iya ɗauka. Wani ya ce ka sayi mai roba a bakin ƙugiya. Wani ya ce mai juyawa gefe ya fi, don ƙofar mota ta samu wurin buɗewa. Duk masu ilimi, duk masu hankali. Amma a cikinsu babu wanda ya tambaye ka abu ɗaya: wa ke hawan keken nan? Kai ma ba ka tambaya ba, kuma kai ne ba ka da uzuri.

Bari in fara da na motar, don shi ya fi ba ni dariya. Lokacin da aka mayar da mahaifinka koyarwa Bukkuyum, a saman motar 'yan kasuwa aka ɗaure keken nan da igiyar rama, tsakanin katifarmu da buhun gero, ga akuyar wani tana leƙensa. Ni ina gaba da tsohon cikin Kulu. Motar ta kafe a rafi, maza suka sauka suka tura. Da muka isa, mahaifinka ya kwance igiya, ya goge sirdi da hannun riga, ya hau ya tafi gaida hedimasta. Haka aka dawo da keken Anka bayan shekaru. Ko madigadi bai lanƙwasa ba. Yau kuma an ce sai an sayo masa kujera ta musamman kafin ya hau mota.

Ka tashi ka ga keken nan a jingine a zaure, ba kwaɗo, ba sarƙar ɗauri. Mahaifinka bai taɓa yarda a nemi izininsa ba. Yakan ce, "Wanda ya zo roƙon keke sau ɗaya, gobe kunya za ta hana shi dawowa. Ku ɗauka kawai." Dokarsa ɗaya ce, a dawo da shi da iska a taya. Famfon yana rataye a bayan ƙyaure. Da keken nan aka sha ɗauko ungozoma. Da shi ake zagaya sanarwar suna da ta rasuwa. Har ranar da na taɓa yin mita don an dawo da shi duk taɓo, ya dube ni ya ce, "Ai taɓon ne shaidar ya yi aiki." Na ƙyale shi, ba don na yarda ba, don na san ba a kayar da shi a wannan magana.

A ciwonsa na ƙarshe, yana kwance, ya ce da ni kada a shigar da keken cikin gida bayansa, a bar shi inda hannu ke kaiwa. Na faɗa maka wannan da bakina ranar sadakar bakwai. Ka ce to. Ban sani ba ko "to" ɗin Abuja ce, wadda ake faɗa don a rufe zance.

Bara ka rushe zauren ka gina gareji da ƙofar ƙarfe, don motar da ke zuwa garin nan ƙaramar Salla da babbar Salla. Ban hana ka ba, guminka ne, kuma kai ne babban namiji a gidan. Abin da na roƙa kawai a bar ƙaramar ƙofar a buɗe saboda masu ɗaukar keke, aka bari. Mutane suka ci gaba da shiga suna ɗauka, ko da yake da ɗari-ɗari, don ƙofar ƙarfe ba ta yi kama da wurin da ake shiga ba sallama ba.

Sai watan jiya ga Sani mai walda da injinsa, wai ka turo masa hoto ka ce ya ƙera irinsa, don keken yana tare wa mota wuri. Motar da ba ta nan! Ina madafa ina jin ƙarar huda bango. Da na fito na tarar da keken mahaifinka a sama, tayar gaba tana kallon rufi, kansa a karkace, kamar ragon layya da aka rataye za a feɗe. Na ce da Sani wannan fa? Ya ce, "Inna, haka ake yi a Turai." Na ce to Allah Ya kai mu. Laifina a nan shi ne ban sa ya sauke shi nan take ba. Na ce bari in yi magana da kai tukuna. Wannan jinkirin nawa ne, kuma na ɗauka.

Yanzu ka natsu ka ji abin da ba ya cikin hotunanka.

Malam Na'Allah ka san shi, ba sai na tuna maka ba, amma zan faɗa saboda masu karatu. Abokin mahaifinka ne tun suna makarantar allo. Shi ya yi maka huɗuba ranar da aka haife ka, shi ya wanke mahaifinka ranar da ya rasu. Gonarsa tana can bayan gari, tafiya ce mai nisa ga mai shekarunsa, kuma tun da gwiwa ta fara damunsa keken nan ne ƙafarsa.

Kwana biyu da rataye keken ya zo da hantsi zai tafi sharar gona. Ya tarar da shi sama da kansa. Bai kira kowa ba. Ta yaya zai kira? Mutumin da bai taɓa neman izini a gidan nan ba, yau ya tsaya yana sallama a zo a sauko masa da keke? Ya sa hannu ya ɗaga. Wannan baƙin keke na da ne, ƙarfe ne zalla, ba irin naku da ake ɗauka da yatsa biyu ba. Ƙugiya ta saki, kan keken ya juyo ya buge shi a fuska, suka zube tare.

Ƙarar ƙararrawa na fara ji, sannan faɗuwar. Na fito da gudu ko mayafi ban ɗauka daidai ba. Na same shi a ƙasa, hularsa a gefe, leɓensa yana jini. Ka san abin da yake yi? Yana ƙoƙarin tashi ya mayar da keken inda ya gan shi, da hannu ɗaya, don ɗayan ya ƙi ɗaguwa. Da ya gan ni ya sunkuyar da kai ya ce, "Uwargida, ki yi haƙuri. Ban san an ɗauke shi daga hannun mutane ba."

Ni ake ba haƙuri, Bashiru. A gidan abokinsa. Tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Kafaɗarsa ta goce, sai da aka kai shi wurin mai ɗori. Da yamma na sa aka kira Sani, na tsaya a kansa ya cire ƙarfen nan. Ramuka huɗu ne suka rage a bangonka, in ka zo ka toshe. Bayan kwana biyu na aika da keken gidan Malam Na'Allah, na ce ya riƙe a wurinsa. Kafin la'asar ya turo shi da kansa, hannu ɗaya a rataye a wuya, ya jingine shi a ƙofar gida. Na yi magana ta bayan ƙyaure, na roƙe shi. Ya ce, "Wanga keke yanzu yana da mai shi. Abin da mai shi ya ɗaga sama, ba ni ka sauke shi ba, ba ke ba kuma. In Bashiru ya ce in hau, sai in hau." Ya juya ya tafi.

Kada ka ce taurin kai ne. Ni ma da farko na ji haushi, amma da na zauna na ga gaskiyarsa. Kai kana ganin ka gyara wuri ne. Shi kuwa abin da ya karanta a bangon nan shi ne an ce da shi kada ya taɓa. Kuma ba shi kaɗai ya karanta haka ba. Mako uku ke nan keken yana jingine a ƙofar gida, babu mahalukin da ya ɗora masa hannu. Mutane suna wucewa suna kawar da kai kamar sun ga abin da bai kamata su gani ba. Tayar baya ta sace. Malam Na'Allah kuwa kullum da safe ina hango shi ta taga, da sanda, yana jan ƙafa zuwa gona. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, shuka ta kusa, kuma shuka ba ta jiran mai ciwon gwiwa.

Ga amsata a kan hotunanka. Na farko ban zaɓa ba. Na biyu ban zaɓa ba, don ko a ƙasa ƙarfen yake tsaye, sai an ɗaga keken an miƙar da shi, kuma tsoho ba ya iyawa. Na ukun kuwa, in kuɗinka sun yi maka yawa ka saya, ka ɗaura naka keken da kuke tsere da shi ranar Asabar. Tunda zancen ya zo, hoton nan da ka sa da ɗamammen wando iya gwiwa, ka cire shi. Kana da 'ya'ya, kana da surukai. Amma keken mahaifinka ba ya zuwa Abuja, ba a kuma sake masa fenti. Inda fentin ya goge, hannuwan mutane ne suka goge shi.

Na yi faɗa da yawa, na sani. Ban ce ba ka son mahaifinka ba. Ranar da ya rasu kana hanya, ka iso an dawo daga maƙabarta. Ka gaisa da mutane idonka a bushe, har wasu suna yaba dauriyarka. Da aka watse na fito neman ka, na hango ka a zaure kai kaɗai, ka dafa sirdin keken nan da hannu biyu, kafaɗunka suna rawa. Na koma ciki ban bari ka gan ni ba, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Na san abin da kake nema. Ba ka samu ganinsa ba, kana so ka riƙe wani abu nasa inda ba zai lalace ba. Ni ma akwai rigarsa a ƙasan akwatina, ba wanda na ba. Amma riga ba ta kai kowa gona. Wannan keken, duk ranar da wani ya hau shi ya biya buƙatarsa, ina sa ran Allah Ya kai wa mahaifinka ladan a kabarinsa. Mako uku ke nan ka tsayar masa da wannan, ɗana, ba da nufi ba.

Don haka ka zo. Ba waya ba, ba aike ba, ba kuɗin magani ta hannun Kulu ba, don ko ka aika, Malam Na'Allah zai dawo da su. Ka zo da kanka kafin ruwan shuka ya sauka. Ka ɗauki famfo ka ba tayar nan iska da hannunka. Ka tura keken a ƙasa, da rana, ta tsakiyar unguwa inda kowa zai gan ka, har ƙofar Malam Na'Allah. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka duba kafaɗarsa, ka ce, "Baba, na yi kuskure, ga kekenku." Zai yi maka faɗan me ya sa ka baro aikinka saboda wannan ɗan abu. Ka yi shiru ka saurara. Idan ya hau, sauran mutane za su dawo da kansu.

Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Malam Na'Allah lafiya, Ya cire masa abin da ya shiga zuciyarsa. Kai kuma Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare hanyarka, Ya ba ka 'ya'yan da za su ji maganarka tun kafin a rubuta musu ita a gaban duniya. Ka gaida matarka da jikokina.

Kada ka rubuta mini amsa a ƙasan wannan takarda, ba zan karanta ba. Sallamarka nake jira a ƙofar gida.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Inna