Keken Bashiru da Aka Danne da Buhunan Albasa

Zuwa ga Alhaji, mai motocin mata da ke jigila tsakanin Ƙaura Namoda, Zurmi da Shinkafi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka baki ɗaya. Ranka ya daɗe, da gangan na bar sunanka ban rubuta ba, don ba tozarta ka na fito yi ba. Kai ka san kanka, mutanen tasha ma sun san ka. Abin da ya sa na rubuta a fili shi ne, maigidana, Malam Lawali, ya yi ta zarya ofishinka har ya gaji. Yau a ce ka yi tafiya, gobe a ce kana da baƙi. Tunda ƙofar ta ƙi buɗuwa, bari in yi magana inda kowa zai ji.

Sunana Saratu, ina koyarwa a makarantar Islamiyya ta matan aure a Badarawa. Ina da ɗa mai suna Bashiru, yana cikin shekararsa ta uku. Bai daɗe da fara tafiya ba sanƙarau ya kama shi. Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma ciwon ya tafi da ƙarfin ƙafafunsa, wuyansa ma bai cika tsayawa ba. Likita ya sa mu riƙa kai shi asibiti a Ƙaura ana motsa masa gaɓoɓi. Bayan haka na haifi ƙanwarsa, Maryama, ta hanyar aiki, aka kuma gargaɗe ni kada in ɗauki abu mai nauyi. Bayana ɗaya ne, Alhaji, kuma na jaririya ne yanzu.

Na ɗaya: yadda na zo ga motocinka.

A da, idan na sauka tasha a Ƙaura, babur ɗin kabu-kabu nake hawa ya kai ni ƙofar asibiti. Da aka ƙaddamar da Shari'a aka hana mata hawa bayan namijin da ba muharraminsu ba, ina cikin waɗanda suka yi murna, ni da kaina na yi wa ɗalibaina bayanin hikimar abin. Da motocinka suka fito da hoton mace mai hijabi a jikin ƙofa, na yi maka addu'a ban san ka ba. Sai dai mota a tasha take tsayawa. Daga nan zuwa asibiti ƙafa ce, haka daga bakin titi zuwa gidanmu. Dole ta sa na nemi keken tura yaro.

Na biyu: wane irin keke ne.

Ina son ka ji wannan da kyau, domin mutanenka sun ɗauka abin ado ne na mai son a ce ta waye.

Na farko da muka yi, wani mai walda ne a Shinkafi ya haɗa mana da ƙarfen gado da tayar baro. Yana da ƙwari, amma sai maza biyu sun kama yake hawa mota, rana kuma idan ta buge shi ba ya taɓuwa. Na biyu matar yayana ce ta aiko mana daga Gusau, babba, mai katifa da labule kamar gadon amarya. Tayoyinsa ƙanana ne sumul, ko ƙofar gida bai wuce ba ya nutse cikin rairayi. Na mayar mata da abinta da godiya.

Sai na sayar da tunkiyata, yayana Sani ya raka ni wurin wani mai gwanjo a Ƙaura da ke kawo kayan yara. Wannan karon na riga na san abin da nake nema. Duk wanda ya fito da shi sai in ɗaga da hannu ɗaya, ga Maryama a bayana. Idan na ji mararata ta amsa, in ajiye. Na duba ko majinginarsa tana kwantawa baya, saboda wuyan Bashiru. Na duba bel ɗin ɗaurewa, domin yaron yana zamewa gefe idan ya gaji. Na duba rumfar kare rana. Na karɓi aron gero a ƙaramin buhu daga maƙwabcin mai shagon, kwatankwacin nauyin ɗana, na ɗora a ciki na tura a rairayin bayan shago, na je na dawo, masu wucewa suna dariya. Mai shagon ya ce bai taɓa ganin mai ciniki irina ba. Na ce da shi ƙafafun ɗana nake zaɓa.

Wanda na ɗauka tsoho ne, shuɗin yadinsa ya koɗe, amma yana ninkewa ya tsuke kamar lema. Idan na zauna a mota sai in tsayar da shi tsakanin gwiwoyina, in rungume Bashiru, ba ya cin wurin kowa. Watanni na yi ina shiga motocinka da shi haka, babu direban da ya ce uffan. A cikin watannin nan yaron ya fara zama da kansa ba a tokare shi da matashi ba.

Na uku: abin da ya faru.

Wata Alhamis ce, ranar kasuwar Shinkafi, bayan an cire albasa. Mun fito daga asibiti rana ta take, na iske motarka tana lodi. Na ninke keken zan shiga, sai ɗan kamasho, wani dogo mai jar hula, ya tare ƙofa ya ce, "Malama, wanga abu sama za shi. Duk mai taya kaya ne." Na nuna masa yadda yake tsukewa, na ce a hannuna zai zauna. Wata dattijuwa da ke ciki ta matsa ta ce akwai wuri. Direba ya leƙo ya ce doka ce daga ofis, in ban yarda ba in jira wata motar. Wata motar mata kuwa ba ta da tabbas a ranar, ga yara biyu sun fara kukan yunwa. Na miƙa keken, na roƙe su don Allah su ɗora shi bisa kaya, kada su sa komai a kansa. Suka ce to.

Abin da ban gani ba daga ciki shi ne, bayan mun zauna an ƙara buhunan albasa na wasu 'yan kasuwa maza, waɗanda su kansu suka bi wata motar. A kan keken aka jibge su, aka ja igiya aka tamke.

Da muka iso inda nake sauka, aka zaro shi daga ƙasan buhuna. Ƙarfensa ya lanƙwashe, tayar gaba ɗaya ta ɓalle, rumfar ta yage. Ban gama duba shi ba direba ya ja mota. Ko sannu.

Alhaji, ka hango ni a bakin titi: jaririya a baya, yaron da ba ya tsayuwa a ƙasa, keken da ba ya tafiya a hannu. Maza duk sun tafi kasuwa. Na saɓa Bashiru a kafaɗa na kama hanya. Ban yi nisa ba na ji wani abu ya tsarge ni a wurin ɗinkin aikin haihuwar, na durƙushe. Wata Bafulatana mai tallan nono, Inna Jumma, ita ta sauke ƙwaryarta ta bar wa abokiyar tafiyarta, ta kwance mayafinta ta goya ɗana har cikin ɗakina. Ba ta san ni ba, ta kuma ƙi karɓar komai sai ruwan sha.

Na huɗu: abin da ya biyo baya.

Ɗinkin ya buɗe ta gefe, ya yi ruwa. Na kwanta makonni, makaranta ta tsaya, mahaifiyata ta baro Zurmi da tsufanta ta zo jinya. Ranakun asibitin Bashiru suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Da muka koma, malamar da ke motsa shi ta kama ƙafarsa ta ce jijiyoyin sun sake ɗaurewa, sai an koma baya an faro. Ranar ya yi kukan da ban taɓa jin ya yi ba, ina riƙe da hannunsa. Wannan kukan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Da Malam ya kai ƙorafi, manajanka ya ce masa kayan fasinja ba alhakin ofis ba ne. Ya ƙara da cewa, "Iyayenmu da mi suka reni ɗiya? Ta goya mana, ta bar kayan Turawa." Ina son a isar masa da amsata. Na yi goyo, ina kan yi, kuma da jikina zai ɗauki biyu da ban nemi taya ba. Shi da bai taɓa ɗaura zani a ƙirji ya yi tafiya cikin rana ba, ya bar wannan fatawar ga waɗanda suka sani.

Mai waldar Shinkafi ya miƙe ƙarfen ya mayar da tayar. Keken yana tafiya, yana karkata hagu, amma ya daina ninkewa. Ma'ana yanzu ya zama kayan saman mota da gaske, abin da ba shi ne ba ranar da aka ƙwace shi daga hannuna.

Na biyar: abin da nake nema.

A maye mini keken da irinsa, mara nauyi, mai ninkewa. Ni zan je in zaɓa, kada a aiko mini da wanda ya fi kyau a ido.

Ka soke wannan dokar, in har akwai ta. Abin da mace za ta iya riƙewa a gabanta ba tare da ta takura maƙwabciyarta ba, a bar ta da shi: keken yaro ne, sandar gurguwa ce, ko kwandon abincin majinyaci. In kuwa babu dokar, ɗan kamasho ne ya ƙirƙiro ta da ra'ayin kansa, yana kuma cika but da saman mota da kayan da aka biya masa, to ka bincika, domin da sunanka yake yi.

Ka kuma yanke shawara ko motocin nan na mata ne ko na albasa. Mun bar kabu-kabu don mu bi umarni, ba mu da wata hanyar sai taku. Wanda ya karɓi mutanen da ba su da zaɓi, amanar da ke wuyansa ta fi ta kowa nauyi.

Ba kora nake nema wa direban ko ɗan kamashon ba, suna da iyali. Su zo gida su duba yaron, su ce mun yi kuskure. Ya ishe ni.

Ranka ya daɗe, na karanta babin amana gwargwadon hali, ina ma karantar da shi. Na san hukuncin wanda aka ba kaya ya yi sakaci suka lalace, na kuma san hanyar kotun Shari'a, ba ta da nisa da tasharka. Malam ya so mu bar wa Allah. Na ce masa barin wa Allah daban, barin wa ɗan kamasho daban. Daga baya shi ya sayo mini takardar da nake rubutu a kai. Na fara da wasiƙa ne saboda an shaida mini kai mutum ne mai jin magana idan ta iso ka. Idan wata ya mutu ban ji komai ba, zan tafi gaban alƙali, da keken, da yaron, da Inna Jumma wadda ta ce a kira ta ko tana bakin rijiya. Ba ni kaɗai ba ce kuma. Akwai wata mai tagwaye daga Galadi da muke haɗuwa a layin asibiti, ta ce in sa da ita.

Kafin nan, duk ranar asibiti za ka same ni a tasharka. Ba zan sake fashin ko ɗaya ba, ko da a kan cinyar fasinjoji za a miƙa ɗana.

Allah Ya tsare motocinka daga haɗari, Ya sa albarka a dukiyarka, Ya raya maka zuriya da ƙafafunsu. Allah Ya sa wannan takarda ta iso hannunka, ba hannun manaja ba.

Wassalam.

Saratu, mahaifiyar Bashiru,
Badarawa.