Iskar Rukayya Ta Ƙi Bin Lissafi

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Bilki da yara. Ya sanyin can, ya ciwon gwiwar taka? Mu nan Unguwar Sarki lafiya, sai gajiya.

Maganar 'yarka Rukayya ce, aikinta na kammala digiri ya tsaya. Tana tura iskar gas ta wata 'yar hanya da ba ta kai kaurin gashi ba, tana aunawa. Da ta rage matsi iskar ta yi shara-shara, sai ta wuce fiye da yadda lissafin littafinsu ya nuna. Ta ce a wannan hali iskar ba ta manne wa bangon hanyar, zamewa take yi, shi ya sa gugar ke raguwa. Malaminta ya ce yoyo ne kawai. Ta kwance na'urar ta sake liƙewa har yatsunta suka saɓule, ga wuta ba ta zama, amma sakamakon bai canja ba.

Jiya ta ce, "Umma, ƙawayena sun ce in ɗan gyara lambobin in huta."

Na ce kada ta taɓa ko ɗaya. Faɗar ba wuya, tunda ita za ta maimaita shekara, ba ni ba.

Kai ne injiniya. Don Allah ka kira ta. In yoyo ne ka gaya mata gaskiya, in ba shi ba ne ka turo abin da za ta nuna wa malamin.

A sa ta a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hauwa