Igiyar Kibiya Ta Huɗu

Disalan, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga yayana, Manong Ronel,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, aikin injin casar shinkafa kuma bai karya maka baya ba. Mu nan ruwa ake yi ba dare ba rana. Direban motar masara ne zai kawo maka wannan takarda. Ka yi haƙuri da rubutuna, fensirin ya gajarce.

Manong, ba lafiya ba. Su Baba sun tafi farautar shekara su uku kamar kullum, shi da dattijo Lakay Turing da Kawu Kulas, da karnuka biyar. Ka san idan 'ya'yan itace suka fara zuba a kan tudu, aladun daji suka yi kitse, ba mai iya riƙe waɗannan ukun a gida. Da za su tafi Lakay Turing ya tsaya tsokanata, wai, "Meling, bana ma ba za a yi mana sallama da baki ba? To ɗaga gira kawai, mun karɓa." Na ɓuya a bayan rumfa, suka wuce suna dariya.

Kwana biyar suka ce. A na uku suka dawo ɗauke da Lakay Turing a kan gadon gora.

Baba ne ya harbi wani ƙaton namiji a bayan kafaɗa. Kan kibiyar ya shiga, ya cire daga kyauronsa yadda ya kamata, aladen ya ruga yana jan kyauron da igiyar da ta haɗa shi da kan kibiyar. Daga nan jira ake yi kyauron ya maƙale a sarƙaƙiya ya riƙe dabbar. Lakay Turing ya hango kyauron ya gitta tsakanin saiwoyi biyu, ya ɗauka an kama, ya kutsa da wuƙarsa. Ashe igiyar ta riga ta rabu da kan kibiyar. Aladen a sake yake, ga zafin rauni. Ya buɗe masa ƙafar dama da haure tun daga gwiwa har ƙasa.

An tafi da shi asibitin garinku. Don Allah ka je ka duba shi.

Kawu Kulas ya yi wa Baba magana a gaban kowa. Ya ce, "Sidong, kibiyar wa ce?" Baba ya ce tasa ce. Ya ce, "Wa ya ɗaura igiyar?" Baba ya ce, "Ni." Kawu ya ce, "To hannunka ya mutu, ka bar mana daji kafin ka ƙarasa mu." Baba ya kwance tsirkiyar bakansa, ya soke bakan a jinkar rumfa. Yau kwana huɗu bai taɓa shi ba.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Meling

San Mariano, 16 ga Nuwamba

Ke Meling, bakin ganga,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da karnuka, musamman Uling ɓarawon kifi. Bayana yana nan, buhunan ne dai suka ƙi ƙarewa. Ashe a takarda kina da baki haka? Shekara goma sha biyar ban ji kin haɗa magana mai tsawon wannan ba.

Na je asibiti. Ki zauna kafin ki karanta. Ciwon ya ruɓe a hanya, an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Tsohon nan dai bai canja ba. Ina shiga ya ce, "Ɗan Sidong, ka makara, an riga an raba naman." Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Amma da ya ɗauka na fita, na leƙo na gan shi yana laluben wurin da hannu.

Maganar Kawu Kulas ta ƙona min rai. Shekara ashirin da shida suna hawa tudun nan tare, a ganye ɗaya suke cin shinkafa, Baba ya taɓa goya shi kwana guda da maciji ya sare shi. Yanzu shi ne mai cewa hannu ya mutu?

Abu ɗaya ne ban gane ba. Tun ina yaro ban taɓa jin igiyar gidanmu ta zame ba. Kuma tun da mahaifiyarmu ta rasu, ba ke kike tufkar igiyoyin kina naɗa su ba? Me ya sa Baba ya koma yi da kansa, ga idonsa ba ya ganin abu na kusa?

Ki ci abinci. Ki sa shi ma ya ci.

Yayanki,
Ronel

Disalan, 22 ga Nuwamba

Zuwa ga Manong Ronel,

Bayan gaisuwa, na ga takardarka. Na karanta ta a bakin rafi, na daɗe ban tashi ba.

Manong, ba Baba ba ne. Ni ce.

Na ɓare ɓawon itacen da ake igiya da shi tun da wuri, na jiƙa a rafi, na danne da dutse yadda mahaifiyarmu take yi. Na tuƙa igiya uku, na naɗa wa kibiya uku. Saura ɓawon ta huɗu a ruwa. Sai aka yi ruwan nan mai ƙarfi, rafi ya tafi da shi har da dutsen. Saura kwana biyu su tafi, sabon ɓawo kuwa sai ya yi mako a ruwa.

Sau uku ina zuwa gaban Baba in faɗa masa. Na farko yana wasa kan kibiya. Na biyu su Kawu suna wurin suna hira. Na uku ya ɗago ya ce, "Mene ne, 'yar nan?" Na ce ba komai. Da na ce masa uku ne kawai, da da uku zai tafi, ba abin da zai faru. Kalma ɗaya ce, Manong.

Sai na warware zaren buhun shinkafa, na tuƙa shi riɓi shida. Na ja da hannu biyu bai tsinke ba, har na ji daɗi, na ce ai ya fi ɓawo ƙarfi. Na goga masa kakin zuma da baƙin tukunya har ya koma kamar sauran. Ban san cewa ɓawo idan ya sha jini kumbura yake ya ƙara kama ƙarfen ba, shi kuwa zaren buhu santsi yake yi, ƙullin ya warware.

Baba ya sani. Ran da suka dawo na gan shi ya zaro kyauron daga ƙugunsa, ya yanke ragowar igiyar ya jefa a murhu. Ɓawo toka yake zama. Wannan narkewa ya yi, ya dunƙule, yana warin roba. Ya dube ni, na dube shi. Ya tura dunƙulen cikin toka da ƙafa. Har yau bai ce min komai ba, ni ma ban ce ba.

Yanzu Kawu Kulas ya ce da zarar kogi ya janye zai kwashe iyalinsa su koma gaɓar teku wurin dangin matarsa. Ya fara kwance gorar rumfarsa. In ya tafi, shi ke nan su uku sun watse, kuma Baba zai mutu da sunan da ba nasa ba.

Ina roƙonka ka karanta wa Lakay Turing wannan takarda, daga farko har ƙarshe. Kada ka tsallake komai.

Ƙanwarka,
Meling

San Mariano, 27 ga Nuwamba

Meling,

Gaisuwa. Ba wasa yau.

Ba zan karanta masa ba. Baba ya ɗauki kayan nan da saninsa, ya san abin da yake yi. Shi dattijo ne, za a yi surutu a gaji. Ke kuwa yarinya ce, in maganar ta fita, har ki tsufa sunanki wadda ta cinye ƙafar Turing. Ba mai ƙara karɓar ko ruwa daga hannunki. Ƙafa ba za ta tsiro ba don kin yi magana.

Ki yi shiru. Ai kin iya.

Ronel

Disalan, 2 ga Disamba

Manong,

Ina gaishe ka, kuma ka yafe min, ban taɓa yi maka musu ba.

Gaskiyarka, na iya shiru. Shi ne ya kai mu nan.

Jiya manomin da muke ba nama ya ba mu shinkafa ya zo, ya tambayi Baba yaushe za a koma tudu. Baba ya ce ya daina. Da rana yanzu ƙarƙashin rumfa yake zama, karnuka suna kewaya shi suna kuka, yana korarsu. Kogi ya fara janyewa, duwatsun mashigi sun fito.

In ba za ka karanta ba, ka ba wata ma'aikaciyar asibiti ta karanta masa. In ka ƙi, zan hau motar masara in zo.

Meling

San Mariano, 8 ga Disamba

Meling,

Ina gaishe ki. Na karanta masa. Ya sa na maimaita wurin murhun sau biyu. Daga nan ya ce in ɗauko biro. Abin da ke ƙasa bakinsa ne, hannuna ne kawai.

'Yar Sidong, mai sallama da gira, ina gaishe ki. Ina gaida ubanki mai taurin kai, da Kulas mai bakin gatari. Ki ce musu abincin nan ba gishiri, kuma gadon ya yi min tsawo.

Kin ɗauka labari kika ba ni? Ina kwance a sarƙaƙiyar nan ina jiran su iso, kyauron yana kusa da hancina. Na ga bakin igiyar ya tarwatse, cikinsa fari fat. Tun ban yi gemu ba nake harbin alade, ban taɓa ganin itace mai farin ɓawo irin wannan ba, sai dai a kantin shinkafa. Na san ba Sidong ba ne. Sidong ya gwammace ya tafi daji tsirara.

Kin yi laifi. Ba zan ce ba ki yi ba, don ke ba jaririya ba ce. Amma ki ji nawa. Ba a shiga wa alade don an ga kyauro ya maƙale. Sai an ga kyauron yana rawa, igiya ta miƙe, an san akwai dabba a ɗaya bakin. Ni na koya wa Kulas wannan, ni na koya wa wannan ragon da ke rubutu. (Haka ya ce in rubuta.) Ran nan kyauron yana kwance shiru kamar sandar makaho, na gani da idona, na shiga. Ina so in riga Kulas, don bara shi ya soke, ya shekara yana min gori. To ƙafar nan mu biyu muka ci ta, ni da ke, kuma rabona ya fi naki.

Ban faɗa ba saboda na ga ubanki ya rufe, na ce ba ni zan buɗe masa 'ya ba. Ban san Kulas na kwance rumfa ba.

Yanzu ga abin da nake so. Takarda ba ta biya ni ba. Kulas ba ya karatu, ubanki ma haka. Ki je ki tsaya a gabansu da rana tsaka, ki faɗa da bakinki, da ƙarfi yadda kare ma zai ji. In kin gama naki, ki faɗi nawa, kada ki rage. Ki ce wa Kulas in ya tafi teku, wa zai goya ni zuwa tudu baɗi? Don zan je. Zan zauna a sansani in hura wuta in ƙyafe nama, in zagi duk wanda ya dawo hannu biyu.

Iyakar maganarsa ke nan. Ni kuma, Meling, na janye abin da na ce. In kina so in zo in tsaya kusa da ke, ki aiko.

Yayanki,
Ronel

Disalan, 14 ga Disamba

Zuwa ga Lakay Turing, ta hannun Manong Ronel,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan ciwo yana sauƙi.

Na faɗa. Shekaranjiya da rana, a gaban rumfar Kawu Kulas, ya riga ya ɗaure tukwanensa. Da farko muryata ba ta fita ba, ya ce, "Me take cewa?" Baba ya taso ya ce in koma gida. Ban koma ba. Na sake daga farko. Uling ya ji, har ya yi haushi.

Na faɗi naka ma. Da na zo wurin gorin bara, Kawu ya zauna a kan ƙullin kayansa, ya rufe fuska. Matan da ke wurin wasu sun kau da kai daga gare ni. Har yau akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwata.

Kogi ya janye jiya. Ba wanda ya haye.

Yau da safe Kawu ya zo ya ajiye kibiyoyinsa huɗu a gabana, duk ya yanke musu igiya. Ya ce, "Ki tuƙa. Amma kowace sai na ɗaura ta a reshe na rataya da nauyina kafin ta shiga kwarina." Sannan ya dubi jinka ya ce, "Sidong, gara za ta ci bakan nan." Bakan yana nan a soke, amma na ga Baba ya jiƙa tsirkiya.

Na jiƙa ɓawo na mutum biyu, na ɗaure shi a saiwa, ban danne da dutse ba. In bai isa ba, zan faɗa.

'Yarka,
Meling