'Ya'yana Za Su Saya Mini Mota, Ni Kuwa Rufin Shago Nake Nema

Malama mai fili, ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin kafin ƙarshen watan nan za a yi mini wani alheri da zai iya karya ni.

Ni dattijo ne, saura 'yan watanni in yi ritaya. Aikina kula da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya a wata makarantar sakandare. In ba ki gane ba, ni ne mai wanke kwalabe. Ni ke jera sinadarai a kan kanta, ni ke kunna murhu, ni ke share gilashin da yara suka fasa, sannan malami ya shigo da alli a hannu a miƙe a gaishe shi. Ba haka aka zata zan ƙare ba. Tun da na shiga makaranta har na fita ban taɓa zuwa na biyu ba. An ce za a tura ni karatu mai zurfi, sai sunana ya ɓace a hanya, na wani ya bayyana. Wanda ke zama a bayana, muna kiransa Leƙau don wuyansa har tsawo ya ƙara wajen leƙen takardata, yau gidansa bene ne, kuma shi ne shugaban ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai. Duk taro sai ya rungume ni ya ce wa jama'a wai ga farfesansu ya iso. A yi dariya, ni ma in yi, in buga babur ɗina in koma gida.

Albashina kuwa kamar baƙo mai sauri yake, kafin a kawo masa ruwa ya miƙe. Ɗan abin da ke saura duk a makarantar yara ya ƙare, kuma ban yi nadama ba. Uku Allah ya ba ni. Babban injiniya ne, mai bi masa ma'aikaciyar jinya ce, autar kuma tana aiki a banki. Duk suna nesa, duk suna samu daidai gwargwado.

To ga inda bakina ya yanka wuyana. Lokacin da babban ya karɓi albashinsa na fari, ya aiko mini da wani abu a ciki. A makon ne kuwa na ji labarin wani abokin karatunmu da ke buga wa 'ya'yansa waya duk ƙarshen wata yana tari na ƙarya. Abin ya ba ni ƙyama. Na mayar wa yaron da kuɗinsa, na tara su ukun na ce duk ranar da suka ga na miƙa hannu na karɓi kuɗin ɗana, to su tabbata hankalina ya gushe, su nema mini magani. Na yi maganar da murya mai kyau, har ni kaina ta burge ni. Yaran nan kuwa masu biyayya ne. Daga ranar ko sisi ba su ƙara aiko mini ba.

Sai suka koma kyauta. Malama, da za ki shigo falona da kin rantse gidan wani babba kika shiga. Akwai kujera mai tausa, wadda in ta yi mini tausar rabin sa'a sai ta cinye wutar kwana biyu, don haka na zare mata waya, jaridu nake tarawa a kai. Akwai injin da ake hawa ana gudu ba a zuwa ko'ina, wai don zuciyata. Ni da na shekara talatin da wani abu ina gudu ba na zuwa ko'ina, me zan yi da inji? Uwar gidana ta mayar da shi wurin shanya. Akwai agogon da ke ƙirga takuna yana yi mini faɗa in na daɗe a zaune. Wayoyi kuwa, kowace ta fi ta baya hankali, duk suna cikin kwalayensu a saman sif. Maƙwabcina mai gyaran firji ya taɓa shigowa, ya duba hagu ya duba dama, washegari ya dawo neman rance. Da na ce ba ni da shi sai ya daina gaishe ni. In an ƙiyasta abin da na mallaka a falo, ni attajiri ne. In an laluba aljihu, ko ɓarawo zai ba ni haƙuri.

Ba wai ban taɓa tunanin tsufa ba. Shekaru da suka wuce na tayar da shaguna biyu a gaban gidana, a bakin titi, da niyyar in na ajiye aiki hayarsu ta riƙe mu, tunda fanshon mai wanke kwalabe ba zai kai mu tsakiyar wata ba, garatuti kuwa na ga waɗanda suka yi furfura ta biyu suna jiransa. Gini ya kai linta, sai kuɗin jami'ar autar ya taso, magini ya kwashe kayansa. Har yau haka suke, ba rufi ba ƙofa. Wata gwanda ta tsiro a tsakiyar na dama, ta girma ta wuce bango, tana ta 'ya'ya. Uwar gidana ta ce a duk jarin da na taɓa zubawa gwandar nan ce kaɗai ke biyan haya, in riƙa gaishe ta da safe.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Ran nan uwar gidan tana kwashe shanya daga kan injin gudu, sai maganar ta suɓuce mata, wai yaran sun haɗa kuɗi za su saya mini mota ta ritaya, babba, mai tsada, a ƙarshen watan nan za su biya. Ta toshe bakinta da hannu, ta ce in rufa mata asiri don sun rantsar da ita, wai so suke su ba ni mamaki. Na rantse mata. Har ta kai ƙofa ta juyo ta ƙara da cewa babban ya ce kangon nan na gaba za a rushe a yi wa motar rumfa, tunda babu wani fili. Ta sake cewa kada in ce ita ta faɗa, ta fita tana 'yar waƙarta.

Malama, ban iya tuƙi ba. Man babur ma sai na yi dabara. Motar nan za ta ci mai, ta ci taya, ta ci bakanike, ta ci takardu, ba ta kawo komai, kuma kafin ta fara cin duk wannan sai ta cinye mini shaguna. Abin da za su zuba a kanta zai rufa shagunan biyu, a sa ƙofofi, a yi daɓe, har a samu canji. Tela biyu da wata mai sayar da magani sun sha tambayata yaushe zan gama.

Amma tunda ba ki san ni ba, bari in faɗa miki ɗaya gefen. Ina son motar. Taronmu na tsofaffin ɗalibai na nan tafe, kuma na riga na ga kaina na tsaya daf da motar Leƙau, na sauke gilashi a hankali na ce masa ya ɗan matsa. Sau ɗaya tak a rayuwata. Da wannan hoton nake aski, da shi nake wanke kwalabe.

To ya zan yi? In na yi shiru, an rushe tsufana an yi rumfa. In na yi magana, na tona asirin matata, na watsa wa yara ƙasa a ido, kuma na zama tsohon nan mai tarin ƙarya da na raina. Su kuma bisa umarnina sai su nema mini magani.

Naki,
Na Ɗaya a Aji

AMSA

Baba Na Ɗaya, barka da ƙoƙari. Na yi dariya da wasiƙarka har abokan aikina suka leƙo, amma na ga damuwar da ke ƙarƙashinta, kuma damuwa ce ta gaskiya.

Bari in fara cire maka ƙaya ɗaya. Matar da ta zauna da kai shekaru masu yawa tana riƙe sirrin aljihunka har 'ya'yan cikinta ba su sani ba, magana ba ta suɓuce mata. Wanda magana ta suɓuce wa ba ya dawowa daga bakin ƙofa ya ƙara bayani a kan rumfa. Mama ta san me take yi. Ta ga ana shirin rushe abincinku, ta san yaran ba za su ji daga bakinta ba tunda kai ka kafa dokar, sai ta ajiye maka maganar a inda za ka yi tuntuɓe da ita. Ka gode mata, ko da a zuci.

Su ma yaran ka yi musu adalci. Sun tashi suna ganin ubansu yana tura babur cikin ruwan sama don su je makaranta. Suna son su biya, ka toshe ƙofar, suka koma shigowa ta taga da kujeru da agogo. Motar nan ba wauta ba ce, ƙauna ce da ba a nuna mata hanya ba. Ba su san halin da kake ciki ba domin ka ɓoye shi da kyau, har maƙwabci ya ruɗe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai nuna ba, masu son shi fenti za su yi ta sayo masa.

Game da rantsuwarka, na duba ta sosai. Cewa ka yi ba za ka miƙa hannu ka karɓi kuɗin ɗanka ba. To kada ka karɓa. Kwanon rufi da katako da siminti ba a aljihunka za su kwana ba, hannun magini da kafinta za su tafi, kuma ginin gobe na yaran ne. Tsohon da ka raina kowane wata yake roƙo. Kai so kake a yi abu sau ɗaya don kada ka taɓa roƙo. Tsakaninku akwai tafiya mai nisa.

Ga abin da za ka yi, kuma a makon nan, tunda lokaci ya ƙure. Ka je ofishin da ke kula da fanshonku a gaya maka ainihin abin da za ka riƙa samu, ka daina zato. Ka kira magini biyu ko uku kowa ya faɗi abin da ƙarasa ginin zai ci, don kada ka dogara da farashin shekarun baya. Sannan ka haɗa yaran ukun a waya ɗaya, Mama na gefenka. Ba sai ka ambaci mota ba. Ka ce ritaya ta matso, kana son su san shirinka a matsayinsu na manya: ga fansho, ga abin da gida ke ci, ga shaguna, ga masu jiran haya. Autarka a banki take aiki, kafin ka rufe baki ta gama lissafi. Abin da ya rage Mama za ta ƙarasa, na amince da ita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Baba, kuma waɗannan ba baƙi ba ne.

Kada kuma ka ɗauki haya kamar albashi. Wani watan shago zai zauna ba kowa, wani ɗan hayar zai zo da labari maimakon kuɗi. Ka karɓi ta shekara a gaba, a rubuta yarjejeniya, ka ware wani abu don gyara da asibiti. Kayan falon nan ma dukiya ce da ke barci. Ka nemi izinin waɗanda suka saya a fili, a sayar da abin da ba ka amfani da shi, ya zama ajiyar ko-ta-kwana yayin da kake jiran garatuti. A bar wa Mama kuɗin igiyar shanya. Sannan mutumin da bai taɓa zuwa na biyu ba, kuma ya san kimiyya da hannunsa, ba ya rasa iyayen da za su biya shi ya koya wa 'ya'yansu da yamma.

Saura Leƙau. Ba zan ce maka burin banza ba ne, kowa na da wanda yake so ya sauke wa gilashi. Amma sauke gilashin minti ɗaya ne, ciyar da motar kuwa har ƙarshen rai. Ranar taron ka sa injiniya ya zo ya kai ka a tasa motar, ma'aikaciyar jinya da ta banki su fito su buɗe maka ƙofa. Wannan jarrabawar ba a leƙenta.

Allah ya sa ka ajiye aiki lafiya, ya yi wa yaran albarka, ya ƙara wa Mama basira, ya kawo 'yan haya masu biya a kan kari. Kafin kafinta ya hau, ka tsinke gwandar nan ka raba wa maƙwabta, har da mai gyaran firji. Ta riƙe maka shago shekara da shekaru ba ta taɓa fashin biya ba, ta cancanci a sallame ta da mutunci.