Muryoyin da Suka Kai Ki Indiya

Asiyatu, sanyin idona, iskar tekun da ke shigowa Zongo da la'asar, inuwata a tsakiyar zafin kasuwa,

Saƙonki ya same ni a shagona na kasuwar Hédzranawoé, na karanta shi a tsaye. Jami'a ta ƙara miki shekara biyu, kina tambayar ra'ayina. Wane ra'ayi gare ni, ni da ko yadi na kasa aunawa daidai tun ranar?

Kin tuna yammacin da muka zauna a bakin ruwa a Baguida, masunta na jan taru? Ranar kika ba ni labarin tsohuwar Ba'indiyar nan, uwar mai kantin da nake saro kaya, wadda kika ji tana rera waƙar bautarsu. Ta ce miki a littafi sunan wani malami ke kan waƙar, amma kakarta ta gaya mata wata mai niƙa ce ta yi ta. Kika ce irinta suna da yawa, matan da suka rera, maza suka rubuta suka sa sunansu. Idonki ya ciko saboda matar da ko sunanta ba a sani ba, ni kuwa na ji sonki har ya ba ni tsoro.

Yanzu kina can Indiya kina bin ƙauyuka, kina zama gaban tsofaffi kina tattara abin da ya rage a bakinsu. A nan kuwa magana ta yi yawa. Kawu Iddi ya tare ni bayan sallar Juma'a, wai me 'yar Musulmi take nema a waƙoƙin Hindu. Na ce masa ba bauta kika je ba, haƙƙin mata kike tonowa. Ya girgiza kai ya wuce. Inna ta mayar da kayan lefenki cikin akwati.

Ina so in ce ki dawo, wallahi ina so! Amma ta yaya zan buɗe baki in zama ɗaya daga cikin mazan da kike rubutu a kansu? Ba ni da hanyar zuwa inda kike, ba ni da hujjar kiranki.

Ki zauna ki gama, Asiyatu. Na rubuta haka, na kasa sake karantawa. Abu ɗaya nake roƙo: ki zo bayan azumi, ko na mako guda ne, in gan ki da idona.

Naki har ranar da za a fitar da ni daga Zongo a makara,
Ayouba