Ƙorafi Kan Awa Tara da Suka Hana a Rataye Allon Malam Kuwabara

Zuwa ga: Mai Girma Tsuneoka Hideharu, Shugaban Ƙungiyar Masu Sha'awar Rediyo ta Garin Shiomizaka

Daga: Umezawa Fusako, mai awara, mamba ta 41

Rana: 15 ga Afrilu, 2019

Game da: Ƙin karɓar katin shaidata daga Uruguwe

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman afuwa idan rubutun nan ya karkace. Cikin gaggawa nake rubuta shi.

1. Kamar yadda Mai Girma ya sani, al'adarmu ce idan ɗalibi ya yi magana da ƙetaren teku da eriyar da ya haɗa da hannunsa, a rataye allon katako mai sunansa da na malaminsa a bangon zaure. Malam Kuwabara Jinzaburo ya shekara ashirin da shida yana koyarwa, ba shi da allo ko ɗaya, don ɗalibansa duk birni suke gudu kafin su kai. Ni ce na zauna, ina da shekara sittin da bakwai. Shekara biyu yana koya mini liƙa waya da dalma, yana cewa ina riƙe ƙarfen liƙin kamar ludayi.

2. Ranar 12 ga Maris, ƙarfe 7:40 na safe, da eriyar da na haɗa da sandunan shanya guda uku, na yi kira, wani bawan Allah a Uruguwe ya amsa. Ranka ya daɗe, ya maimaita lambata ta kiran rediyo har sau biyu. Na bar madarar waken suya a wuta na fita titi da silifa ɗaya, har maƙwabciyata ta zaci gobara ce. Ranar unguwarmu ba ta ci awara ba, kuma ban yi nadama ba.

3. Ranar 9 ga Afrilu katinsa na shaida ya iso, da hoton saniya a jiki. Da shi nake cin abinci, jingine da kwanon miya.

4. Ranar 13 ga Afrilu na miƙa shi ga Sakatare, Nishizono Masatake. Ya duba, ya dawo mini da shi da hannu biyu, wai katin ya ce 11 ga wata ƙarfe 10:40 na dare, littafin da nake rubuta kiraye-kirayena a ciki kuma ya ce 12 ga wata, don haka ba magana ɗaya ba ce.

5. Na amsa laifina. Malam ya sha gaya mini cewa maganar ƙetare da agogon duniya ake rubuta ta, ba da namu ba. Murna ce ta sa na kalli agogon shagona. Amma tsakanin agogunan biyu awa tara ce cif, kuma ban yarda cewa mutumin da ya shekara arba'in da lasisi ya kasa ƙara tara ba. Da na nuna masa a yatsu, sai ya ce a bari sai taron Yuni.

6. Ranar 28 ga Afrilu Malam zai koma wurin 'yarsa a Sendai, gidan da ba a yarda a kafa eriya ba. Shekararsa tamanin da huɗu. Ya ce in bar maganar, wai shi katin ya ishe shi. Sai dai na gan shi ranar Asabar yana tsaye yana kallon bangon.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma ya duba katin da littafin da kansa, ya ba da umarnin rataye allon kafin ranar 28.

Ƙungiya ba za ta wahala da komai ba. Na riga na sa an sassaƙa allon, sunan Malam a sama, nawa a ƙasa. Ƙusa da guduma suna cikin jakata tun jiya.

Ka huta lafiya, Ranka ya daɗe.

Mai biyayya gare ka,
Umezawa Fusako
Ɗalibar Malam Kuwabara, wadda aka ji muryarta a Uruguwe